Faifan The Pop Group na 1980: me ya sa ya yi wuyar samu, kuma ya cancanci kuɗin da ake sa masa?

Tambayar da aka aiko: "Wani abokina da ke tara tsofaffin faya-fayai ya ba ni labarin faifan wata ƙungiyar Ingila mai suna The Pop Group, wanda ya fito a 1980. Ya ce gwamnatin Margaret Thatcher ce ta haramta shi, shi ya sa ba a ganinsa a kasuwa. Na ga wani yana sayar da bugun asali da tsada. Shin da gaske an haramta shi? Me ke cikinsa? In saya ko in haƙura?"

Ɗan'uwa, bari in fara da inda abokinka ya kuskure. Gwamnatin Birtaniya ba ta haramta wannan faifai ba. An buga shi, an sayar da shi a fili a shagunan Landan da Bristol da sauran garuruwa, jaridun kiɗa sun yi sharhi a kansa, wasu suka yaba, wasu suka soka. Abin da ya ɓatar da shi daga kasuwa ba shi da armashi kamar labarin haramci: kamfanin da ya fitar da shi ƙarami ne, ƙungiyar ta watse ba da daɗewa ba bayan fitowarsa, kuma aka yi shekaru masu yawa babu wanda ya sake buga shi yadda kowa zai samu.

Amma na san inda zancen haramcin ya samo tushe. A waɗannan shekarun abubuwa irin haka sun faru ga wasu. BBC ta hana sa waƙar Sex Pistols da ta taɓa Sarauniya a 1977. Ma'aikatan wata masana'antar buga faifai a Ireland sun ƙi buga waƙa ɗaya ta ƙungiyar Crass, har ƙungiyar ta bar gurbin waƙar shiru a faifan. Gang of Four sun fasa fitowa a shirin talabijin na Top of the Pops a 1979 saboda an ce sai sun sauya kalmomin waƙarsu. Mai jin waɗannan labaran daga nesa zai iya haɗa su wuri ɗaya ya ɗora wa The Pop Group, musamman da ya ga sunan faifan.

Sunan shi ne For How Much Longer Do We Tolerate Mass Murder?, wato har yaushe za mu ci gaba da zuba ido ana kashe jama'a. Ya fito a watan Maris na 1980, ƙarƙashin kamfanin Rough Trade tare da Y Records, ƙaramin kamfanin da manajansu Dick O'Dell ya kafa. Shi ne faifansu na biyu. Waƙoƙi tara ne a ciki, duka-duka sun ɗan haura rabin awa.

Kafin ka gane faifan sai ka san yaran da suka yi shi, domin yara ne da gaske. Mai rera waƙar, Mark Stewart, an haife shi a 1960, ke nan yana ɗan shekara 19 lokacin da faifan ya fito. Tare da shi akwai Gareth Sager da John Waddington a kan jita, Bruce Smith a kan ganga, sai Dan Catsis da ya maye gurbin Simon Underwood a kan babbar jitar nan mai kaurin amo da ake kira bes. Sun haɗu a Bristol a 1977, shekarar da kiɗan punk ke tashe a Ingila. Punk ya koya wa samari cewa ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandali, ka ɗauki jita ka faɗi abin da ke ranka. Sai dai kiɗansa da kansa bai yi nisa da tsohon kiɗan rock ba, an dai ƙara masa sauri da fushi. Waɗanda suka biyo baya, waɗanda ake yi wa laƙabi da post-punk, sun riƙe ƙarfin halin amma suka nemi sabon kiɗa. Kowa ya kama hanyarsa. Yaran Bristol suka nufi kiɗan baƙaƙen fata, domin shi suka tashi suna ji.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san garin. Bristol tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da ta yi arziki da cinikin bayi, kuma bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan suka zauna a unguwar St Pauls. A nan ake kafa manyan lasifikoki ana kwana ana sa reggae da dub. Dub kuwa dabara ce ta injiniyoyin Jamaika irin su King Tubby da Lee Perry: a ɗauki waƙar da aka gama, a cire murya, a bar ganga da bes, a riƙa jefo guntayen sauti suna amsa-kuwwa suna ɓacewa. Stewart da abokansa sun sha wannan, sun sha kiɗan funk na su James Brown a gidajen rawa, sun kuma saurari jazz ɗin nan marar linzami na su Ornette Coleman. Faifansu na farko, Y, wanda ya fito a 1979, Dennis Bovell ne ya tsara sautinsa, haifaffen Barbados kuma jigo a reggae na Ingila. Wancan faifan cike yake da hazo da amsa-kuwwa, kalmominsa kuma a dunƙule suke, kowa da fassararsa.

Na biyun ya sha bamban. Tsakanin fitowar faifan farko da na biyu ba a cika shekara ba, amma a cikinta Thatcher ta ci zaɓe a watan Mayu na 1979, an kashe wani malami mai suna Blair Peach a wurin zanga-zanga a unguwar Southall ta Landan, hotunan yunwar Kambodiya suka cika talabijin. Yaran suka daina zagaye-zagaye. Sun je situdiyon Foel da ke ƙauyen Wales suka naɗi faifan da sauti a bushe, a matse, babu ado, kuma Stewart ya fara kiran sunaye.

Kiran sunayen nan shi ne zuciyar al'amarin, don haka bari in tsaya a kai. Waƙoƙin adawa da yawa suna zagin "zalunci" da "yaƙi" ne a dunƙule, ta yadda azzalumin ma zai iya rausayawa da su ba tare da ya tsargu ba. A waƙar da ta ba faifan suna, Stewart ya ambaci Richard Nixon da Henry Kissinger, ya ce kamata ya yi a gurfanar da su kan laifin yaƙi saboda ruwan bama-baman da aka yi wa Kambodiya a ɓoye. Wannan ba ƙage ba ne. Daga watan Maris na 1969 jiragen Amurka suka fara jefa bama-bamai a gabashin Kambodiya ba tare da sanin jama'ar Amurka ba, kuma hare-haren ba su tsaya ba sai a watan Agusta na 1973, shekarar da aka ba Kissinger lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. A 1975 'yan tawayen kwaminis na Khmer Rouge suka kama Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, kafin Vietnam ta kore su a farkon 1979 mutanen da suka mutu sun kai tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu. Bayan an kore su kuma, Amurka da Birtaniya suka goyi bayan su ci gaba da riƙe kujerar ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya, domin kawai kada gwamnatin da Vietnam ta kafa ta samu karɓuwa. A wannan yanayi ne ɗan shekara 19 ya tsaya gaban makirufo yana tambayar har yaushe. Stewart ya rasu a watan Afrilu na 2023 yana da shekara 62. Kissinger ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekarar yana da shekara 100, ba a taɓa gurfanar da shi ba. Duk lokacin da na sa waƙar yanzu, wannan lissafin yana yi mini nauyi.

Waƙar "Justice" kuma ta dawo gida. Blair Peach malamin makaranta ne ɗan asalin New Zealand, mai shekara 33, yana koyar da yara masu buƙata ta musamman a gabashin Landan. Ranar 23 ga Afrilu, 1979, ya je zanga-zangar adawa da taron jam'iyyar wariyar launin fata ta National Front a Southall, unguwar da galibin mazaunanta 'yan asalin Indiya da Pakistan ne. An buge shi a ka, ya cika washegari. Shaidu sun ce ɗan sanda ne daga rundunar Special Patrol Group. Binciken kotu kan musabbabin mutuwarsa da aka kammala a watan Mayu na 1980 ya ce tsautsayi ne. Rahoton cikin gida na 'yan sandan Landan, wanda kwamanda John Cass ya rubuta, an ɓoye shi shekara talatin, sai a 2010 aka fitar da shi, kuma ya nuna kusan tabbas ɗaya daga cikin 'yan sandan rundunar ne ya buge shi, abokan aikinsa kuma suka rufa masa asiri. Babu wanda aka tuhuma har yau. Ka lura da jerin lokutan: faifan ya fito kafin hukuncin "tsautsayi", yana tambayar wa ke sa ido a kan masu sa ido. Sannan makonni kaɗan bayan fitowarsa, ranar 2 ga Afrilu, 1980, 'yan sanda suka kai samame gidan shan shayi na Black and White a St Pauls, unguwar ta tashi, aka yi tarzomar da ta zama share fagen na unguwannin Brixton a Landan da Toxteth a Liverpool a 1981. Abin da ya daɗe yana cin matasan baƙaƙen fata a lokacin shi ne dokar da ake kira sus, wadda ta ba ɗan sanda damar kama mutum bisa zato kawai, tsohuwar doka ce ta 1824, ba a soke ta ba sai 1981.

To, idan maganar kalmomi ce kaɗai, da sai in ce ka je ka karanta jaridun lokacin ka huta. Abin da ya sa faifan ya rayu shi ne kiɗan. Ka sa waƙar farko, "Forces of Oppression", ka saurara da kunne biyu. Ganga da bes suna tafiya a tsuke, irin kiɗan da ƙafa ba ta iya jurewa sai ta motsa. Jitar ba ta kaɗa wani daɗin sauti, karta take yi, gajere-gajere, tana sara tana tsayawa. A samansu muryar Stewart tana tashi daga raɗa zuwa kururuwa har ta tsage, wani lokaci ba ka kama kalmar sai ka sake ji. Can sai ƙaho ya kutso ba a gayyace shi ba, ya yi ihu ya fita. Jikinka na son rawa, kunnenka na jin labarin kisa, kuma faifan ba ya barin ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Da gangan suka yi haka. Waƙar "There Are No Spectators", wadda ita ce mafi sanyi da kusanci da dub a faifan, ta faɗi manufar ƙarara: babu ɗan kallo, wanda ya yi shiru ma ya shiga ciki.

Ga mai sauraro daga Najeriya wannan haɗin ba baƙo ba ne. Fela Kuti a daidai wannan lokaci yana ɗora zargi da sunayen manya a kan kiɗan rawa, kuma shi ma ya ɗebo daga James Brown. Bambancin shi ne Fela ya biya farashin da ya fi nasu nesa ba kusa ba, sojoji suka ƙona gidansa a 1977, kuma makaɗansa ƙwararru ne masu iya riƙe kiɗa ɗaya na tsawon minti goma sha biyar ba gargada. Yaran Bristol ba su da wannan haƙurin ko ƙwarewar. Kiɗansu kullum yana gab da tarwatsewa, kuma a wannan gaɓar yake da daɗi.

Ba zan ɓoye maka lahaninsa ba. Masu sukar da suka ce faifan ya cika wa'azi ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A cikin rabin awa an taɓo Kambodiya, yunwa a ƙasashe matalauta, 'yan sanda, bankuna, makauniyar biyayya, duk da murya a sama. Wani wurin kalmomin kamar an kwafo su daga takardar zanga-zanga ne aka ɗora a kan kiɗa ba tare da an narkar da su sun zama waƙa ba. "Communicate" hargitsi ne na ƙaho da jita wanda mutane da yawa ke ɗaga allura su tsallake. Kuma akwai tambayar da ya dace a yi: samari fararen fata a Ingila suna kururuwa kan yunwar Asiya da Afirka, wa suka ciyar? Na yarda tambayar tana da nauyi. Amsata ita ce ba su tsaya a baki ba, sun yi wasanni da yawa na tara kuɗi don fafutuka, wasansu na ƙarshe kafin su watse ma a gangamin ƙin makaman nukiliya na CND aka yi shi a dandalin Trafalgar a watan Oktoba na 1980. Sannan ba su taɓa cire kansu daga cikin masu laifi ba. Waƙar da suka fitar a ƙaramin faifai a ƙarshen 1979, "We Are All Prostitutes", cewa take kowa a tsarin nan yana da farashinsa, har da su masu waƙar. A ɗaya fuskar wannan ƙaramin faifan sun karanta rahoton Amnesty International kan azabtar da fursunoni a Ireland ta Arewa a kan kiɗa. A farkon 1978 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa dabarun tambayar da jami'an Birtaniya suka yi amfani da su a can, irin su rufe kai da buhu, tsayar da mutum jikin bango na sa'o'i, hana barci da abinci, cin zarafi ne da wulaƙanci, amma ta ƙi kiransu azabtarwa. Su yaran suka kira su da sunan a kan bangon faifai.

Yanzu ga dalilin ƙarancinsa dalla-dalla. Rough Trade ya fara ne a matsayin shagon faifai da Geoff Travis ya buɗe a yammacin Landan a 1976, ya zama kamfani a 1978. Tsarinsa raba riba biyu da mawaƙa, kuma yana buga gwargwadon abin da yake ganin zai sayu ne, ba dubban ɗaruruwa irin na manyan kamfanoni ba. Da ƙungiyar ta watse, kowa ya kama gabansa: Sager da Smith suka kafa Rip Rig + Panic tare da Neneh Cherry, Waddington da Catsis suka shiga Maximum Joy, Underwood ya riga ya tafi ya yi suna da Pigbag, Stewart kuma ya haɗu da Adrian Sherwood na kamfanin faifai na On-U Sound. Ba sauran ƙungiyar da za ta zaga gari-gari tana tallata faifan. A 1991 kuma sashen rarraba kaya na Rough Trade ya karye, kamfanin ya durƙushe. A lokacin da ake ta mayar da tsofaffin faya-fayai zuwa CD, wannan ya kasance cikin waɗanda aka bari a baya. Ana cikin haka sunan ƙungiyar ke ƙara girma, domin Nick Cave da su Massive Attack da wasu da yawa sun nuna tasirinta a kansu. Masu nema suka yi yawa, kaya suka yi kaɗan, farashi ya hau.

Wannan ya sauya a 2016, bayan ƙungiyar ta sake haɗuwa a 2010. An sake buga faifan ƙarƙashin kamfanin Freaks R Us, a faifai da CD, kuma yanzu ana iya jinsa a intanet. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata ka sani. Bugun 1980 yana da waƙar "One Out of Many", wadda aka gina a kan muryar The Last Poets, mawaƙan baka na Harlem da suka fara a 1968 kuma ake ɗauka cikin kakannin rap. A sabon bugun an cire ta, an sa "We Are All Prostitutes" a gurbinta. A ganina sabon jerin ya fi ƙarfi a kunne, domin waƙar da aka saka ta fi wadda aka cire. Amma tsohon ya fi nuna inda yaran suka ɗebo, kuma wannan ne kaɗai dalilin kiɗa da zai sa mutum ya nemi na asali.

Don haka shawarata ta rabu biyu. Idan jin faifan kake so, ka fara jinsa a intanet, ka ba shi kwanaki, domin ba ya shiga a ji na farko. In ya kama ka, sabon bugun ya wadatar, kuma kuɗinka zai tafi ga waɗanda suka yi aikin ko magadansu, saɓanin na hannu wanda ribarsa ta mai sayarwa ce kaɗai. Idan kuma tarawa kake yi, to na asalin yana da daraja, amma da sharaɗi. An fitar da shi ne tare da manyan takardu a cikin bango, an lilliƙa guntayen jaridu da hotuna da alƙaluma kan yaƙi da yunwa da zaluncin hukuma. Takardun nan rabin faifan ne, su ne hujjar da waƙoƙin ke tsaye a kai. Masu sayen farko da yawa sun manna su a bangon ɗaki sun lalace, shi ya sa kwafi mai cikakkun takardu ya fi tsada nesa. Wanda ba shi da su bai kamata a sa masa kuɗin mai su ba.

Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton komai, ba bango kaɗai ba. A gaban bangon za ka ga tsohon hoto baƙi da fari na André Kertész, yara biyu ƙanana suna sumbatar juna. Lambar bugun Ingila na asali ita ce ROUGH 9, ka duba ta a jiki. Ka ce ya karkata faifan ƙarƙashin fitila ya ɗauki hoton fuska biyu, domin a kwance karce ba ya fitowa. Siririn layin da farce ba ya ji yawanci ba ya hana sauti, amma wanda farce ke maƙalewa a ciki zai riƙa ƙas-ƙas a kowane zagaye. Ka ce ya ɗora shi a kan na'ura ya ɗauki ɗan bidiyo daga gefe, ka ga ko yana hawa da sauka, alamar zafi ya lanƙwasa shi. Ka kuma duba farashin da aka sayar da irinsa a baya a Discogs, shafin intanet na cinikin faya-fayai, wanda aka sayar da gaske, ba wanda ake nema ba, domin tun fitowar sabon bugun ƙarancin da ake fakewa da shi ya ragu.

In kun daidaita, ka roƙe shi ya fitar da faifan daga bango ya ajiye shi a gefe cikin rigarsa ta takarda kafin ya naɗe, don kada gefensa ya tsaga bangon a hanya. Da ya iso, ka ajiye shi a tsaye, ba a kwance da kaya a kansa ba, nesa da taga da rufin kwano, kada kuma ka bar shi cikin mota da rana ko na awa ɗaya. Lokacin hunturu ka riƙa share shi da burushi mai laushi kafin ka ɗora allura, domin ƙurar da ta shiga ramukan ita ke cinye sautin a hankali.